Darasi Kan Manhajar Kwamfuta: Daidaito da Adana Tarihin Gyare-gyare

Duk ɗan kasuwar da ya ba da kwangilar rubuta manhajar lissafin kamfaninsa yana da buƙatar fahimtar al'amura biyu, ko da kuwa bai san yaren kwamfuta ba.

Na farko shi ne daidaito. Takardun naira dubu guda biyu darajarsu ɗaya, amma kowace da lambarta. Haka kwamfuta ke rarrabe tambayoyi biyu: shin abu ɗaya ne, ko kuwa abubuwa biyu ne masu ƙunshiya iri ɗaya? A yaren Java, alamar == ce ke amsa tambayar farko, umarnin equals kuma ta biyu, muddin an fayyace masa abin da zai duba. A nan ne mai kamfani ke da ta cewa. In aka dogara da suna, mutum biyu masu suna ɗaya za su haɗu a asusu guda, a ɗora wa wani bashin wani. Lambar asusu ita ce abin dogaro. Har ila yau, a tsarin BigDecimal da ake lissafin kuɗi da shi, equals ba ya ɗaukar 2.0 da 2.00 a matsayin daidai, sai an yi amfani da compareTo.

Na biyu shi ne adana tarihin gyare-gyare. Manhajar Git, wadda Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005, tana rubuta kowane canji da sunan wanda ya yi shi da lokacinsa, tamkar littafin akanta, ta yadda za a iya komawa ga kwafin jiya idan na yau ya lalace.

To sai dai ajiye tarihi kaɗai bai wadatar ba, dole a san kwafin da ke aiki a kan kowace na'ura. A ranar 1 ga Agusta, 2012, kamfanin hada-hadar hannun jari na Knight Capital a Amurka ya yi asarar kimanin dala miliyan 440 cikin minti 45, saboda ɗaya daga cikin na'urorinsa takwas ba ta samu sabon kwafin ba, tsohon umarni ya ci gaba da saye da sayarwa.

Dangane da kwangila kuwa, ya kamata a rubuta ƙarara cewa rumbun manhajar da dukkan tarihinsa mallakar kamfani ne, kuma mabuɗinsa na hannun kamfani tun ranar da aka fara aiki.