Kafin Ka Sayi Fiyano Ko Fedal: Shawara Ga Mai Kaɗa Jitar Bes A Jimeta

Matasan da ke kaɗa jitar bes a Gwadabawa da Luggere da Jambutu, ko a coci ranar Lahadi ko a wajen biki ranar Asabar, tambayarsu kusan ɗaya ce: wace na'ura zan saya sautina ya yi kauri irin na waƙoƙin yanzu, wanda ake ji har cikin ƙirji? Wasu kuma fargaba ce ke damunsu. Sun ga mai fiyano shi kaɗai yana fitar da ganga da sarewa da bes, masu biki kuma sun gane sallamar mutum ɗaya ta fi ta mutum biyar sauƙi. Shawarata ga duka biyun ita ce ka iya fitar da bes ta hanya biyu, da tsirkiya da kuma maɓallan fiyano. Amma kada kuɗinka na farko ya tafi kan na'urar da ta fi ɗaukar ido. Ka fara duba lasifikar da za ta fitar da sautin, da wutar da na'urar za ta ci.

Ga dalili. Tsirkiya mafi kauri a jitar bes mai tsirkiya huɗu, wato E, tana kaɗawa sau 41 a daƙiƙa guda. Mai tsirkiya biyar tana sauka har wajen 31. Yawancin lasifikun hayar da ake ɗorawa kan ƙafa a gindin rumfar biki ba sa iya fitar da wannan zurfin sosai, sai in an haɗa da manyan akwatunan nan da ake ajiyewa a ƙasa. A fili kuma, irin dandalin Ribadu, babu bangon da zai maido da sauti, iska ce ke kwashe shi. Idan ka sayi sintesaiza mai tsada wadda duk ƙarfinta yana can ƙasa, ka jona ta da ƙaramar lasifika, ɗayan abu biyu ne zai faru: ko dai ba a ji ka ba sam, ko ka yi ta ƙara murya har lasifikar ta fara ɓarɓarwa ta ƙone, mai kaya ya riƙe ka. Haka nan wanda zai kalli bidiyon bikin a waya, zurfin ba zai kai kunnensa ba. Abin da kunne ke kamawa a ƙananan lasifiku shi ne ɗan kaushin da ke saman sautin, kuma shi ya kamata ka koyi sarrafawa.

Saboda haka sayayyar farko ba mai burgewa ba ce. Na'urar saita tsirkiya, wayoyi biyu masu kyau, da ɗan akwatin da ake kira DI, wanda ke kai sautinka kai tsaye zuwa miksa ta doguwar waya ba tare da ya raunana ba. Akwatin yana da wani ɗan maɓalli da ke raba waya ta ƙasa. Ranar da aka tayar da janareto ka ji wani gurnani yana fita daga lasifika ba ya tsayawa, sau da yawa wannan maɓallin ne maganinsa. SansAmp Bass Driver na kamfanin Tech 21 shi ne sananne, yana kuma gyara sauti. Behringer BDI21 yana yin kusan aikinsa a kuɗi kaɗan, sai dai jikinsa roba ce, ba ya son a taka shi da ƙarfi.

Daga nan sai fedal. Ga wanda ke farawa, na fi son ya sayi akwati ɗaya mai tattare da sautuka da yawa maimakon ya tara ƙananan fedal biyar, kowanne da wayarsa da adaftarsa. Zoom B1 Four ya dace da garinmu saboda dalili ɗaya da ya fi yawan sautukansa muhimmanci: yana aiki da ƙananan batura huɗu, yana kuma karɓar wuta ta USB, wato ko da fawa bankin da kake cajin waya za ka iya tayar da shi. A ɗauke wuta ko a kawo, saitinka yana nan. A cikinsa akwai sautuka fiye da bukata, amma uku ne za su ciyar da kai. Na farko shi ne kwamfiresa, mai daidaita bugun da ya yi ƙarfi da wanda ya yi sanyi. Na biyu ɗan kaushi kaɗan, daidai yadda za a ji ka a ƙaramar lasifika. Na uku shi ne oktaba, kuma a kansa zan ɗan daɗe, domin nan ne mutane ke saye su ce an cuce su.

Oktaba tana sauraron sautin da ka buga, ta ƙirƙiro irinsa a ƙasa, mai rabin saurin kaɗawa. Boss OC-2 da ya fito a 1982 shi ne kakansu, har yau ana nemansa, kuma OC-5 na 2020 ya gaje shi. To, lissafa da kanka: in ka buga E a sake, mai 41, na'urar za ta yi ƙoƙarin fitar da wajen 20, wanda kunnen ɗan Adam da ƙyar yake ji, balle lasifikar haya. Sai ka ji sautin yana rawa, yana tsalle, yana ɓacewa. Na'urar lafiyarta ƙalau, wurin bugun ne ba daidai ba. Matsa da hannun hagu sama, daga gaɓa ta biyar zuwa ta goma sha biyu, a kan tsirkiyar A da D. Rage ƙarar tsinin sauti daga jikin jitar, ka yi amfani da maganaɗisun da ke kusa da wuya. Buga sauti ɗaya-ɗaya, sauran tsirkiyoyin kuma ka danne su da tafin hannu ko babban yatsa don kada su yi motsi. Sannan ka rage sautin jitar na asali, ka ƙaro na oktaba. A nan za ka ji bes ɗin ya zama dunƙulalle, kamar daga sintesaiza ya fito, alhali yatsunka ne a kan tsirkiya. Wannan dabara kaɗai ta ishi rabin waƙoƙin da za a roƙe ka a biki.

Akwai sauran rabin da tsirkiya ba za ta iya ba. Dogon sauti da ba ya mutuwa, sulalewa daga wannan murya zuwa waccan ba tare da yankewa ba, da bugun nan na amapiano da ya shigo mana daga Afirka ta Kudu, duk a kan maɓallai ko kwamfuta aka ƙirƙire su. Nan ne fiyano ke shigowa, kuma babu abin kunya ga mai jita ya ajiye ta ya koma maɓalli a tsakiyar wasa. Tun bayan fitowar sintesaizar Minimoog a 1970 manyan makaɗa ke yin haka. A nan gida, William Onyeabor na Inugu ya gina waƙoƙinsa a kan sintesaiza daga ƙarshen shekarun 1970 zuwa tsakiyar na 1980. A Yamai, Mamman Sani ya naɗi kaset a 1978 da ogan ɗin lantarki guda ɗaya, aka yi shekaru ana jin kiɗansa a rediyo da talabijin na Nijar, har kamfanin Sahel Sounds ya sake fitar da shi a 2013 duniya ta ji. Kayan da ya yi aiki da su ba su kai abin da ke cikin fiyanon cocin unguwarku ba.

Wane fiyano za ka saya? In kana da fiyano ɗaya a ƙungiya, irin Yamaha PSR da suka cika coci-coci da situdiyon waƙoƙin Hausa, fara da shi kafin ka sayi komai. Raba maɓallan gida biyu, ka sa bes a hagu, ka yi wata guda kana koya wa hannunka abin da ya riga ya sani a kan tsirkiya. In ka ga abin ya zauna, sannan ka yi tunanin naka. Mai bes ba ya bukatar maɓallai 61. Novation Bass Station II yana da 25, sauti ɗaya yake fitarwa a lokaci guda, wanda shi ne aikin bes, kuma kowane abin murɗawa yana waje inda hannu zai kai. Shi ma yana cin wuta ta USB. Korg microKORG, da ke kasuwa tun 2002, yana da ƙananan maɓallai 37, yana aiki da batura shida, yana kuma shiga jaka ka hau keke da shi. Mai manyan yatsu ya gwada shi tukuna. Behringer Model D kuwa, wanda aka kwaikwayo daga Minimoog, sautinsa daɗi gare shi matuƙa, amma ina jan kunne a kansa: ba shi da maɓallai, ba ya adana saiti, kuma muryarsa tana gocewa in zafi ya canja. A garin da zafin Maris da Afrilu ke wuce digiri 40, wannan kayan ɗakin naɗar waƙa ne, bai dace da rumfar biki ba.

Kwamfutar tafi-da-gidanka da ƙaramin allon maɓalli na MIDI hanya ce mai araha ga mai aikin situdiyo. A fagen wasa kuwa tana da jinkiri tsakanin dannawa da fitar sauti in babu katin sauti mai kyau, kuma bes da ya makara ko da ƙiftawar ido ne ya ɓata rawa.

Akwai wata magana da ba ta kuɗi ba, kuma ta fi duk waɗannan gyara sautin ƙungiya. Sarki biyu ba sa zama gari ɗaya. In kana kaɗa bes, mai fiyano kuma hannunsa na hagu yana can ƙasa, ga kuma kiɗan rakiya na cikin fiyanon yana fitar da nasa bes ɗin, sauti uku ne ke turereniya a wuri guda, jama'a kuma gurnani kawai suke ji. Ku zauna kafin wasa. Manyan PSR da ma irin su E473 suna da maɓallin kashe layin bes na kiɗan rakiya, a kashe shi. Ka roƙi mai fiyano, cikin girmamawa in ya girme ka, ya ɗaga hannunsa na hagu zuwa tsakiya. In matan zumunta suna buga tulunsu, ka tuna tulun nan bes ne tun kafin a kawo lantarki, sai ka rage yawan bugunka ka bi bayansa. In akwai kalangu, ka rage kaushin samanka, don a nan yake magana.

Yawancinmu na hannu za mu saya, ko a Jimeta, ko a aiko daga Sabon Gari a Kano, ko daga Alaba a Legas. Kada ka biya kuɗin abin da ba ka taɓa ba, ko wani amintacce bai taɓa maka ba. Ka je da abin sauraronka na kunne da wayarka. Danna kowane maɓalli sau biyu, a hankali sannan da ƙarfi. In wani ya yi ihu alhali a hankali ka taɓa shi, ko ya yi shiru, robar da ke ƙarƙashinsa ta ci ƙura ko ta tsage. Ana gyarawa, amma a rage maka kuɗi. Murɗa kowane abin murɗawa daga farko zuwa ƙarshe kana sauraron ƙarar ƙasƙas. Girgiza kan waya a cikin raminsa. Buɗe gidan batir ka duba ko akwai farin gari ko tsatsa. Sannan ka bar shi a kunne rabin awa kuna hira da mai shago, domin wasu cututtukan sai na'ura ta ɗumama suke fitowa.

Adafta ita ce ke kashe kaya fiye da komai. Wutar Najeriya bolt 230 ce. Kayan da aka yi wa kasuwar Amurka na 120 ne, kuma tsohuwar adaftarsu in ka soka ta a bango sau ɗaya ta gama. Karanta rubutun jikinta: in ka ga 100 zuwa 240, babu damuwa. Bayan wannan akwai tarkon da ya fi ɓoyuwa. Fedal irin na Boss bolt 9 suke ci, kuma tsakiyar kan adaftar shi ne mai alamar ragi. Ƙananan fiyanon Yamaha bolt 12 suke ci, tsakiyar kuma mai alamar ƙari ce, manyan kuwa 16. Kawunan sun yi kama, wani lokaci har su shiga ramin juna. A duhun bayan rumfa, yaro mai taimako zai soka wadda hannunsa ya fara kaiwa. Ɗauki farin salatif ka naɗe kan kowace adafta, ka rubuta sunan na'urarta da manyan baƙaƙe. Kusa da ramin wutar kowace na'ura akwai ɗan zane mai nuna ƙari da ragi, ka saba duba shi.

Wajen janareto, a bar shi ya tashi ya daidaita kafin a jona kaya. Amfilifaya ita ce ta ƙarshe wajen kunnawa, ita ce ta farko wajen kashewa. In za a sauya daga wutar gari zuwa inji, a sauke murya ƙasa tukuna. Ƙaramin sitabilaiza na fiyano da fedal kaɗai, ban da manyan lasifiku, ya cancanci kuɗinsa.

Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu ce abokiyar gaba. Yadi ɗaya da tela zai ɗinka daidai girman fiyano ya wadatar, a rufe shi da zarar an tashi daga wasa, a riƙa share tsakanin maɓallai da busasshen burushin fenti mai laushi. Kada a fesa man inji cikin abin murɗawa, akwai maganin fesawa na musamman da masu gyaran rediyo ke da shi. Da damina kuma, musamman ga na kusa da Binuwai, a ɗaga kaya daga ƙasa, a cire batura in za a yi mako biyu ba a kunna ba. Kuma ko da wasa kada a bar fiyano cikin rufaffiyar mota ko a ƙarƙashin kwano da tsakar rana, domin allonsa yana baƙi, robar maɓallansa kuma tana lanƙwasa.