Bayan mota yana kuka: yadda ake gane ciwon

Ranar kasuwa mota guda ce take ɗaukar gari duka: mutane, buhunan hatsi da wake, awaki da kaji. Ita ce kuma take kai mara lafiya likita cikin dare. In ta lalace a daji, kasuwa ta wuce manomi, mai naƙuda ta kwana bisa hanya.

Mota ba ta karyewa haka kawai. Takan yi kwana da kwanaki tana kuka tukuna. Sau da yawa kukan daga baya yake fitowa, wajen da kaya suke danne ta. Wannan darasi yana bayanin wannan kuka, da yadda ake gano inda yake fitowa. Ya shafi direba da yaron mota, ya shafi mai mota da ƴan ƙungiyar da suka tara kuɗi suka sayi mota. Ya shafi fasinja ma, domin shi ne yake zaune bisa kukan.

1. Abin da yake ƙarƙashin bayan mota

Motocin da suka fi shiga ƙauye su ne bashe, wadda ake ce wa a-kori-kura, irin su Peugeot 504 da Toyota Hilux, da kuma ƙananan bas irin su Hiace. Bayan waɗannan motoci yana zaune bisa abubuwa biyar.

Na fari, rasor. Waɗanda suka koyi aiki a Najeriya suna ce mashi sifirin. Fallayen ƙarfe ne dogaye da aka jera, wani bisa wani. Kowane falle ana ce mashi lam. Na sama ya fi tsawo, shi ne babban lam. Rasor yana lanƙwasa kamar baka in mota ta faɗa rami, sa'an nan ya komo. Shi ne mai ɗaukar nauyi.

Na biyu, pon. Shi ne babban ƙarfen da ya haɗa ƙafafun baya biyu.

Na uku, maɗaurai. Akwai bulon guda da ya ratsa tsakiyar lam duka, ya tara su. Akwai kuma ƙarafa biyu masu siffar U a kowane gefe, su ne suke ɗaure rasor da pon.

Na huɗu, robobi. A kowane ƙarshen babban lam akwai zobe. Cikin zoben akwai roba, makanikai suna ce mata silambulok. Ita ce take hana ƙarfe ya goga da ƙarfe.

Na biyar, amortisar. Wani ɗan bututu ne mai mai a ciki. Aikinshi ya hana mota tsalle-tsalle bayan ta wuce rami.

Ƙananan motoci, irin taksin birni, yawancinsu rasor ɗinsu murɗaɗɗe ne kamar dodon-koɗi. Amma su ma suna da robobi da amortisar, kuma ciwonsu kusan ɗaya ne.

2. Me yake kawo kuka?

Kuka yana fitowa ne inda abu biyu suke gogar juna a bushe, ko inda wani abu ya kwance. A ƙasar nan abubuwa huɗu ne suka fi kawo haka.

Ƙura da rairayi. Lokacin hunturu ƙura tana shiga tsakanin lam da lam, tana cin ƙarfe kamar dutsen wasa wuƙa.

Zafin rana. Bazara tana busar da roba har ta tsage.

Ruwa. Da damina mota tana ratsa gulbi da korama. Ruwa yana wanke giris, taɓo ya maƙale, tsatsa ta biyo baya.

Gargada da yawan kaya. Hanyar jan ƙasa mai gargada tana girgiza mota har bulon ya kwance. Kaya fiye da kima suna miƙar da rasor har ya gaji.

3. A saurara tukuna

Kafin a ɗauki kile, kunne ne yake fara aiki. Direba ya yi wa kanshi tambaya uku: yaushe kukan yake tashi? Wane gefe, dama ko hagu? Wane irin kuka ne?

In kukan "ƙiii-ƙiii" ne, kamar tsohuwar ƙofa, kuma yana tashi lokacin da mota ta hau tudu ko ta faɗa rami, ko lokacin da ake loda buhu tana tsaye, to daga rasor ne ko robobi.

In "ƙwas-ƙwas" ne, kamar ana buga ƙarfe da ƙarfe, wani abu ya kwance, ko ya karye, ko roba ta ƙare gaba ɗaya. Wannan ya fi na fari muni.

In kukan yana bin juyawar taya, yana ƙaruwa da gudu ko bisa hanya mai santsi, ba rasor ba ne. A duba birki da rulma. Rairayi yakan shiga tamburin birki ya yi ƙara. Rulma da ya mutu kuwa gurnani yake yi, kuma tsakiyar ƙafar tana yin zafi ƙwarai. Ba a wasa da shi, domin ƙafar mota tana iya fita ana cikin tafiya.

In kukan sai an taka birki yake fitowa, ciwon na birki ne.

4. Gwaji na fari: girgiza mota

A tsaida mota wuri mai tauri, wanda ba shi da gangara. A kashe inji. A sa giya ta ɗaya, a ja birkin hannu, a sa dutse gaba da bayan taya.

Aikin na mutum biyu ne ko uku. Biyu su hau bayan mota suna danna ta ƙasa suna saki. Ɗaya ya duƙa a gefe yana saurare. Ya fara da dama, sa'an nan ya koma hagu. Kada ya sa kai ko hannu tsakanin taya da jikin mota lokacin da ake girgizawa.

Kafin a zargi rasor, a duba abubuwa masu sauƙi. Sau da yawa kukan na tayar sukur ne da ba a ɗaure da kyau ba, ko ƙofar baya, ko ƙarafan da suke riƙe tanti, ko bututun hayaƙi da robarshi ta tsinke. Mutum ya kama kowane ɗaya ya jijjiga. Bututun hayaƙi kam sai ya huce.

5. Gwaji na biyu: ruwa

Wannan dabara ba ta cin ko dala. A samo buta da ruwa, a sa ɗan sabulu. A zuba ruwan bisa roba guda tak, ta gaban rasor. A sake girgiza mota. In kukan ya yi shiru, an kama ɓarawo. In bai yi shiru ba, a wuce ga robar baya, sa'an nan robobin amortisar na sama da na ƙasa, daga ƙarshe tsakanin lam da lam.

Sharaɗin shi ne wuri ɗaya-ɗaya. Wanda ya watsa ruwa ko'ina lokaci guda zai ji shiru, amma ba zai san inda ciwon yake ba. Ruwan kuma ba magani ba ne. Da ya bushe kukan zai komo.

Kada a zuba wa roba baƙin mai, ko gazuwal, ko esans. Waɗannan suna kumbura roba, su sa ta ruɓe da wuri. Kukan zai tsaya kwana biyu, amma robar ta mutu.

6. Gwaji na uku: ido

Bayan kunne da ruwa, sai ido. A wanke taɓo da ƙura, a duba da rana ko da tocila.

Robobi. Roba mai lafiya tana cika zobenta. In ta tsattsage, ko ta fito gefe, ko bulon bai zauna tsakiyarta ba, ta ƙare. A sake ta. In za a sake ta dama, a sake ta hagu ma.

Lam. A bi kowane falle daga wannan kai zuwa wancan. Jan garin tsatsa da yake zubowa daga tsakanin lam alama ce ta goga. Ɗan baƙin layi da ya gicciye falle tsaga ce. In lam guda ya zame gefe, ya fita daga jerin ƴan'uwanshi, maɗauri ya kwance ko bulon na tsakiya ya karye.

Ƙarafa masu siffar U. A gwada notinsu da kile. In suna juyawa da sauƙi, ko an ga wuri mai ƙyalli inda ƙarfe ya goge, sun kwance. Su ne suke riƙe pon. In aka bar su a kwance, bulon na tsakiya yana tsinkewa, pon ya goce. Daga nan mota ta riƙa tafiya a karkace kamar kare. Wanda yake bin ta a baya shi yake fara gani.

Amortisar. In jikinshi ya jiƙe da mai, ƙura ta manne mashi, ya fashe. A ƙaramar mota ana iya danna baya da ƙarfi a saki. In ta tashi ta zauna, yana da rai. In ta yi ta lilo sau uku ko huɗu, ya mutu. Motar da amortisar ɗinta ya mutu tayarta ba ta kama ƙasa da kyau bisa gargada, birki kuma ba ya ci da wuri.

Tsayin mota. A tsaya nesa kaɗan daga baya a duba ta ba kaya. In gefe guda ya fi ɗaya ƙasa, rasor na wannan gefe ya gaji ko lam ya karye.

7. Magani

In ƙura da tsatsa ne kawai, aikin ba shi da tsada. A ɗaga shasi, ba pon ba, har ƙafar ta rataya. Haka lam suke buɗewa kaɗan. A goge tsakaninsu da buroshin ƙarfe, a shafa giris ɗan kaɗan, a share wanda ya fito waje. Giris mai yawa yana kama rairayi, ya zama abin cin ƙarfe. Wasu motoci suna da ƴan faifan roba mai tauri a ƙarshen lam. In sun cinye, a sa sabbi.

In lam ya tsage, a sake shi. Kada a kai shi wajen mai walda. Wuta tana kashe ƙarfin ƙarfen rasor, kuma zai sake karyewa kusa da wurin da aka liƙe. In babban lam ne ya tsage, kada a ɗauki fasinja sai an gyara, domin shi ne ya haɗa pon da jikin mota.

In an sa sabbin robobi, kada a ƙarasa ɗaure bulon mota tana rataye. A sauke ta, ta zauna bisa ƙafafunta, sa'an nan a ɗaure sosai. In ba haka ba robar tana murɗewa ta yage da wuri.

Bayan kowane gyara na rasor, in an yi tafiyar kwana biyu ko uku, a sake gwada notin ƙarafa masu siffar U. Sabon ɗauri yakan saki.

8. A tsare rai wajen aiki

Ba a shiga ƙarƙashin motar da kirik kaɗai yake riƙe da ita. Kirik yana zamewa. A sa guntayen icce masu kauri da faɗi ƙarƙashin shasi. Kada a sa tubali ko bulon siminti, suna farfashewa ba labari. In ƙasa rairayi ce, a shimfiɗa katako ƙarƙashin kirik.

Birkin hannu ƙafafun baya yake kamawa a yawancin motoci. In an ɗaga baya, ba abin da yake riƙe mota. Don haka a tokare ƙafafun gaba da duwatsu. A kori yara daga wurin.

9. Rigakafi ya fi magani

Kowace mota tana da iyakar nauyin da take ɗauka. An rubuta shi cikin takardarta, wato kart giriz. Bashe tana ɗaukar wajen tan 1, wato kilo 1000. Buhun hatsi babba kilo 100 ne. Ke nan buhu 10 sun cika ta, ko mutum ɗaya bai hau ba.

Kaya masu nauyi a jera su gaba, kusa da ɗakin direba, a raba su daidai dama da hagu. In an ga rasor ya miƙe ɗoɗar, ko pon yana taɓa robar da take saman shi, kaya sun yi yawa. A rage. Sawu biyu sun fi kwana a daji.

Bayan an ratsa ruwa ko taɓo a wanke ƙarƙashin mota. Sau ɗaya a mako, kafin ranar kasuwa, yaron mota ya zaga da kile ya duba noti.

Fasinja da ya ji sabon kuka ƙarƙashinshi kada ya ji nauyi. Ya ce: "Malam direba, ƙafar dama ta baya tana ƙara tun da muka bar gari." Direban kirki ba ya fushi da wannan magana. Roba guda ba ta kai kuɗin lam ba, lam guda bai kai kuɗin pon ba, kuma ba a sayen rai a kasuwa.

Tambayoyi domin tattaunawa a wurin karatu

1. Waɗanne abubuwa biyar ne suke riƙe bayan mota?
2. Kukan da yake bin juyawar taya daga ina yake fitowa?
3. Don me ake zuba ruwa wuri ɗaya-ɗaya?
4. Don me ba a walda lam da ya tsage?
5. Lissafi: mota tana ɗaukar kilo 1000. An loda buhu 6, kowane kilo 100. Mutum 6 sun hau, kowane kilo 60. Kilo nawa ke nan duka? Akwai sauran wurin buhu guda?