Yadda Jirgin Ƙasa Ya Zo Kano

A zamanin dā, idan fatake za su tafi kurmi, sai su yi ayari, su labta wa jakuna da takarkarai kaya, su yi ta tafiya mako da makonni. Ga 'yan fashi, ga koguna ba gada.

A shekarar 1907 gwamnati ta fara shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Baro, a bakin kogin Kwara. Dubban leburori suka sare daji, suka fasa duwatsu, suka jera dogo, har hanya ta iso Kano a 1911. Aka kuma haɗa ta da wadda ta taso daga Ikko.

Turawa sun zaci auduga jirgi zai riƙa kwasa. Amma manoman Kano suka ga gyaɗa ta fi riba: ga kuɗi, ga harawa don dabbobi, in kuwa ba mai saye, iyali su ci. Sai suka duƙufa ga nomanta. Attajirai irin su Alhassan Ɗantata suka yi ta saye, buhuna suka taru har aka yi dalar gyaɗa. In jirgi ya komo, ya kawo gishiri da goro da kananzir.

Daga baya dogo ya kai Ƙauran Namoda a 1929, Nguru a 1930, Maiduguri a 1964.

Yau babu dalar gyaɗa, amma ku tuna, yara, gwamnati ta yi hanya, gumin manomi ne ya cika taragu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Tambayoyi
1. Daga ina aka fara shimfiɗa hanyar?
2. Don me manoma suka zaɓi gyaɗa?