Daga Ramin Dara Zuwa Allon Talabijin: Lissafin da Ke Cikin Wasannin Dabarun Yaƙi

Duk wanda ya san zaman dattawa a gindin bishiya a Mai'adua, ko a wasu garuruwan ƙasar Daura, ya san dara. Akan haƙa gidaje 30 a ƙasa, layi biyar na gida shida-shida, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 12. Wannan ya taka, wancan ya taka, wanda ya jera uku ya ci ɗan abokin karawarsa. Wannan ƙa'ida ta bi-da-bi ita ce kuma ginshiƙin wasannin dabarun yaƙi na tsofaffin na'urorin da ake jonawa da talabijin.

Asalinsu

A shekarar 1824 rundunar sojan Furushiya, a ƙasar Jamus ta yanzu, ta karɓi wani wasa mai suna Kriegsspiel don horar da hafsoshi a kan taswira. Bayan shekaru masu yawa sai dabarar ta shiga kwamfuta. Kamfanin Nintendo na Japan ya fito da na'urar Famicom a 1983, a kanta kuma aka fitar da Famicom Wars a 1988 da Fire Emblem a 1990. Kamfanin Hudson Soft ya fitar da Nectaris a 1989 a kan na'urar PC Engine.

A Famicom Wars an yanka fagen fama gida-gida kamar na dara. Ɗan wasa yakan motsa dakarunsa da tankokinsa da jiragensa, ya kama birane don samun kuɗin ƙaro mayaƙa, sannan ya jira abokin gaba ya yi nasa. Wanda ya fake a daji ko kan dutse ya fi wuyar bugu, kamar yadda ganuwa ta kare birane irin su Daura a da. Saurin yatsa ba ya amfani a nan, sai hangen nesa.

Yaya na'ura take zaɓar taku?

A ɗauki farkon dara. Mai sawa na farko yana da gidaje 30, na biyu 29, wato hanyoyi 870 ke nan. Sawa ta uku ta kai su 24,360, ta huɗu 657,720. Masana suna kiran wannan yaɗuwa bishiyar wasa, domin kowane reshe yana fitar da rassa. A 1950 Claude Shannon na Amurka ya ƙiyasta cewa hanyoyin wasan ces sun kai lamba 1 mai sifiri 120 a bayanta.

Ita kuwa Famicom, ma'ajiyar aikin da ke cikinta bayit 2,048 ce kacal. Ba ta da halin bin kowane reshe. Saboda haka masu tsara irin waɗannan wasanni sukan ba na'ura 'yan ƙa'idoji na awo, misali ta auka wa mai rauni, ko ta nufi birni mafi kusa. Ɗan wasan da ya gano ƙa'idar sai ya ɗana mata tarko. Wannan shi ne bambancinta da gwanin dara, wanda ke sauya salo da zarar ya ga an gane shi.

Dokar Lanchester

A 1916 wani injiniyan Ingila, Frederick Lanchester, ya wallafa lissafin da ke bayyana amfanin yawa a fagen fama. Idan makaman ɓangarori biyu daidai suke, kuma kowa na iya harbin kowa daga nesa a lokaci guda, to ƙarfin runduna shi ne yawanta a ninka da kansa.

Ga misali. Tankoki 10 sun haɗu da 8. Ƙarfin na farko 100 ne, na biyu 64. A cire 64 daga 100, saura 36, wato 6 sau 6. Mai goma ya yi nasara, tankokinsa 6 sun tsira.

To, a ce mai goma ya raba su biyar-biyar, mai takwas ya same su rukuni bayan rukuni. A karon farko 64 a cire 25, saura 39. A karo na biyu 39 a cire 25, saura 14. Mai takwas ya cinye duka goman, ya rage da tanki uku da ɗoriya. Rarrabuwa ce ta kayar da mai yawa. Shi ya sa gogaggen ɗan wasa yake tara mayaƙansa a kan abokin gaba ɗaya kafin ya juya ga na biyu.

Sai dai a lura, dokar tana da iyaka. Ba ta san tsoro ko yunwa ko ruwan sama ba, kuma wanda ya faɗi a yaƙin gaske ba a sake kunna na'ura ya tashi.

Aiki ga ɗalibai

Malami ba ya bukatar wutar lantarki don koyar da wannan darasi. Ƙasa da tsakuwa da karan dawa sun isa.

1. A haƙa gidaje tara, uku sau uku. Hanyoyi nawa ne na sawa uku ta farko?
2. Mayaƙa 13 sun kara da 5. Nawa za su rage bisa dokar Lanchester?
3. Mayaƙa 12 sun rabu shida-shida, sai 9 suka same su rukuni bayan rukuni. Wa zai yi nasara?

Ɗalibin da ya warware waɗannan ya tambayi wani gwanin dara a unguwarsu taku nawa yake hangowa kafin ya ɗaga ɗansa, ya kawo amsar aji a tattauna.