DARASIN WANNAN WATA: MUHALLIN MAI ƘARAMIN ƘARFI A KARKARA

Ci da sutura da muhalli su ne manyan buƙatun ɗan Adam. Wanda ya rasa wurin kwana mai kyau ba ya samun lafiya, ba ya samun natsuwar yin noma ko sana'a. A kowace damina ana jin labarin ɗaki ya rufta wa mutane suna barci. In an bincika, sau da yawa za a tarar ɗakin tsoho ne, ko na matar da mijinta ya rasu ya bar ta da marayu, ko na makaho ko gurgu. Waɗannan su ne ba su da ƙarfin yin yaɓe, ba su kuma da kuɗin biyan magini.

Wannan darasi zai yi bayani a kan yadda mutanen Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa za su iya samar wa irin waɗannan bayin Allah ɗaki mai ƙwari da abin da ke hannunsu.

1. Me ya sa abin ya fi tsanani a wannan yanki?

Kudancin Jihar Kano ya fi arewacinta samun ruwan sama. Damina takan riga sauka a Doguwa da Tudun Wada, ta kuma daɗe ba ta ɗauke ba. Wannan alheri ne ga masara da shinkafa da rake. Amma ginin ƙasa yana shan wahala. Ga shi kuma yankin yana da rafuka da fadamu da yawa. Kogin Kano ya ratso ta dajin Falgore ya zuba a madatsar ruwa ta Tiga.

Dattawan yankin sun san abin da rashin muhalli ke nufi. Lokacin da aka gina madatsar Tiga, daga 1971 zuwa 1974, a zamanin Gwamna Audu Baƙo, an tashi dubban mutane daga garuruwansu, suka koma sababbin wurare suka soma gini daga tushe. A watan Agusta na 1988 kuma madatsar Bagauda da ke ƙasar Bebeji ta ɓalle bayan ruwa mai yawa. A ambaliyar wannan shekara an yi asarar rayuka da dubban gidaje a Jihar Kano. A 2022 ma ambaliya ta shafi yawancin jihohin Nijeriya, ta kashe mutane fiye da 600, ta raba fiye da mutum miliyan ɗaya da gidajensu.

2. Shirye-shiryen gwamnati da inda suka tsaya

Gwamnatoci sun sha fito da shirin gidaje masu sauƙin kuɗi. Gwamnatin Alhaji Shehu Shagari, wadda ta yi mulki daga 1979 zuwa 1983, ta yi niyyar gina gidaje 2,000 a kowace jiha a kowace shekara. Ba a cimma wannan adadi ba. Wasu gidajen kuma an gina su nesa da gari, inda babu ruwa babu kasuwa. A 1992 an kafa Asusun Gidaje na Ƙasa. Dokarsa ta ce ma'aikaci ya riƙa zuba kashi biyu da rabi cikin ɗari na albashinsa, daga baya ya nemi rance ya mallaki gida.

Mai karatu zai lura da abu ɗaya. Waɗannan shirye-shirye sun fi dacewa da mai albashi da mazaunin birni. Tsohuwar da ke ƙauye a ƙasar Kiru ba ta da albashi, ba ta da ajiya a banki. Ginin bulo ma ya fi ƙarfinta, domin a farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da yawa. Saboda haka ɗakin mai ƙaramin ƙarfi a karkara ya dogara ne a kan abubuwa uku: gini mai kyau da kayan gida, da taimakon jama'a, da tabbatar da haƙƙinsa a kan filin da yake zaune.

3. Ginin ƙasa ba abin kunya ba ne

Wasu suna ganin ginin ƙasa alamar talauci ce. Ba haka ba ne. Gidan Makama da ke Kano ginin ƙasa ne, ya kuma daɗe ƙwarai. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina a ƙarni na 19, shi ma da ƙasa da azara aka yi shi. Ɗakin ƙasa yana da sanyi da bazara, yana da ɗumi da hunturu. Abin da yake buƙata kawai shi ne a tsare shi daga ruwa da gara.

Ruwa ta hanya uku yake cin gini: ta ƙasa, da ta sama, da ta gefe.

Ta ƙasa. A zaɓi tudu. Kada a yi gini a kwari, ko a hanyar ruwa, ko a bakin kududdufi, ko da filin kyauta ne. A haƙa harsashi har a tarar da ƙasa mai tauri. Inda ake da dutse, kamar wajen Riruwai, a jera dutse a gindin bango har ya ɗago sama da ƙasa kamar kamu ɗaya. A daɓe gefen bango ya yi gangare, don ruwa ya gudu. A kuma yi wa gida magudanar ruwa, a riƙa share ta.

Ta sama. In soro ne, a sabunta rufinsa kowace shekara, a toshe duk wata tsaga. Indararo ya zama mai tsawo, don ya zubar da ruwa nesa da bango. In jinka ce ko kwano, a bar baki ya zarce bango sosai. A ɗaure katakon rufi da waya a jikin gini, domin iskar farkon damina ita ce ke yaye kwano.

Ta gefe. A wannan ƙasa ruwa da iska sun fi zuwa daga gabas. Don haka bangon gabas ya fi saurin zaizayewa, shi ya kamata a fara yi wa yaɓe. Magabata suna amfani da makuba, wadda ake samu daga kwanson ɗorawa, don yaɓe da daɓe su yi ƙarfi. Ɗorawa kuwa tana nan a gonakin yankin.

A tuna da karin maganar nan: sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsagar da za a toshe da kwando ɗaya na ƙasa a watan Maris, ita ce ke kayar da ɗaki a watan Agusta.

4. Yadda ake gane ƙasar gini

Ba kowace ƙasa ce ke yin gini ba. A kwashe ƙasar sama mai taki a ajiye gefe, a yi aiki da ta ƙarƙashi. Ga gwaji mai sauƙi. A zuba ƙasa a kwalba har rabi. A cika da ruwa, a girgiza sosai, a ajiye ta kwana. Yashi zai kwanta a ƙasa, laka ta zauna a sama. In laka ta yi yawa, tubali zai tsattsage in ya bushe, sai a ƙara yashi. In yashi ya yi yawa, tubali zai marmashe, sai a ƙara laka. A cuɗa ƙasa da ciyawa, a tattake, a bar ta ta jiƙu kwanaki kafin a yi tubali.

Akwai kuma bulon ƙasa da ake matsawa da injin hannu. Ana haɗa kwano ɗaya na siminti da kimanin kwano 15 zuwa 20 na jar ƙasa. Ana ajiye bulon a inuwa, ana yayyafa masa ruwa, har ya yi kimanin mako huɗu. Ya fi tubali jure ruwa, ya kuma fi bulon siminti sauƙin kuɗi. Mutum ɗaya ba zai iya sayen injin ba, amma ƙungiyar gari za ta iya.

Azara ta yi tsada saboda giginya ta ragu. A Jamhuriyar Nijar, tun daga 1980, an soma koya wa magina yin rufin ƙasa mai kama da ƙubba, wanda ba ya buƙatar itace ko kaɗan. An fara ne a garin Cikal, daga baya dabarar ta bazu zuwa Mali da Burkina Faso. Sai dai ruwan sama na can bai kai na Doguwa ba. Wanda bai koyi aikin a wajen gwani ba kada ya gwada shi.

5. Ɗakin da ya dace da mai rauni

Tsayar da bango huɗu bai wadatar ba. A duba halin wanda zai zauna a ciki.

Ɗakin tsoho ko mara lafiya ya kasance kusa da na iyali, inda za a ji shi in ya yi kira da dare. Dokin ƙofa kada ya yi tsawo, don gurgu da tsohuwa su iya shiga. Ƙofa ta yi faɗin da keken guragu zai wuce. A gidan da ke da makaho, a rufe bakin rijiya, a cike ramuka, kada kuma a riƙa canza wa kaya wuri. Masai ya kasance kusa, da abin dafawa a gefe, amma ya yi nisa da rijiya kamar mita 30, wato wajen taku 40. A yi taga don iska da haske. Kada a kwana da garwashi a ɗaki a rufe, domin hayaƙinsa yana kisa.

6. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka

Aikin gayya tsohuwar al'ada ce. Yadda ake taruwa a nome gonar mara lafiya, haka za a iya taruwa a gina masa ɗaki. Ga tsarin da kowace unguwa za ta iya bi.

Na farko, a kafa ɗan kwamiti. Ya ƙunshi mai unguwa, da liman, da magini, da shugaban matasa, da wakiliyar mata. Wanda ya iya karatu da rubutu daga ajin yaƙi da jahilci ya zama magatakarda.

Na biyu, da zarar an gama kaka, kwamiti ya zaga gida gida. A rubuta ɗakunan da suka tsage, da sunan mai ɗaki, da abin da ake buƙata. A fara da wanda ya fi haɗari, ba wanda ya fi kusa da masu gari ba.

Na uku, a raba aiki. Matasa su haƙo ƙasa. Masu jaki da amalanke su yi jigila. Mai rijiya ya ba da ruwa. Magini ya ba da yini ɗaya ko biyu. Masu hali su sayi kwano da ƙusa da ƙyaure.

Na huɗu, a kiyaye lokaci. A yi tubali daga Janairu zuwa Maris. A gama gini da rufi da yaɓe kafin ƙarshen Afrilu. Ginin da aka yi cikin ruwa ba ya ƙwari.

Na biyar, a rubuta duk abin da ya shigo da abin da aka kashe, a karanta wa jama'a. Inda babu lissafi, zargi ke shiga, aiki ya mutu.

Addini ya buɗe ƙofofin taimako. Manomin da hatsinsa ya kai nisabi yana fitar da ɗaya bisa goma in noman damina ne, ko ɗaya bisa ashirin in ban ruwa ya yi da wahalarsa. Matalauta da miskinai suna cikin waɗanda aka fara ambata a masu cin zakka. Wanda aka ba zakka dukiyarsa ce, yana iya gyara ɗakinsa da ita. Mai hali kuma yana iya yin wakafin fili ko ɗaki don marayu da tsofaffi. A 2003 Jihar Kano ta kafa Hukumar Zakka da Hubusi don kula da irin wannan aiki. A nemi ƙarin bayani wajen malamai.

7. A tsare haƙƙin mai rauni

Wani lokaci ba ruwan sama ke raba mutum da gidansa ba, 'yan'uwa ne. Matar da mijinta ya rasu tana yin takaba wata huɗu da kwana goma a gidan mijinta. Tana da rabo a gado: ɗaya bisa takwas in mamacin ya bar 'ya'ya, ɗaya bisa huɗu in bai bari ba. 'Ya mace ma tana da rabonta a gida da gona. Dukiyar maraya amana ce har ya girma.

Dokar filaye ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon bayar da takardar izinin mallakar fili a karkara. Duk wanda ya sayi fili, ko aka ba shi kyauta, ko ya gada, ya sa a rubuta. A ambaci iyakoki huɗu. A sa hannun shaidu da mai unguwa da dagaci. Daga nan a kai ofishin ƙaramar hukuma. Kada kowa ya dangwala yatsa a takardar da bai karanta ba, ko wadda amintaccensa bai karanta masa ba. In an gina wa wata tsohuwa ɗaki a filin wani, a rubuta yarjejeniya cewa za ta zauna iyakar rayuwarta. Tun ran gini, tun ran zane.

Sababbin kalmomi

Muhalli: wurin zama.
Harsashi: tushen gini da ke cikin ƙasa.
Asusu: wurin tara kuɗi don wata buƙata.
Nisabi: adadin dukiyar da zakka ke wajaba a kanta.
Wakafi ko hubusi: dukiyar da aka tsayar saboda Allah, ba a sayarwa, ba a gado.

Tambayoyi

1. Faɗi hanyoyi uku da ruwa ke cin ginin ƙasa.
2. Wace shekara madatsar Bagauda ta ɓalle?
3. Yaya ake gwada ƙasar gini da kwalba?
4. Mene ne rabon matar mamaci a gado?
5. Me ya sa ake son a gama gini kafin ƙarshen Afrilu?

Aikin aji

Ɗalibai su rabu biyu biyu, su zaga unguwarsu. Su rubuta adadin ɗakunan tsofaffi da marayu da naƙasassu da ke buƙatar gyara. Su kawo wa malaminsu a mako mai zuwa, shi kuma ya miƙa wa mai unguwa.