Yadda Ake Riƙe Waya Don Kada Hoto Ya Yi Dishi-dishi a Ƙarancin Haske

A kasuwar Maigatari da ke ci ranar Alhamis, dillalin da zai tura hoton sa ko raƙumi ta WhatsApp yana bukatar hoto tangaran, domin mai saye ba ya taya abin da bai gani sosai ba. Amma da magariba ta gabato, hoton kan fito dishi-dishi.

Dalili shi ne, idan haske ya ragu, kyamara kan daɗe a buɗe tana tara shi. Da rana tana iya ɗauka a 1/500 na daƙiƙa, da yamma kuwa ta sauko 1/15. A wannan tsakanin, ko ɗan rawar hannu sai ya fito a hoton.

Ga abin yi:

1. A riƙe wayar da hannu biyu, a manna gwiwar hannu da haƙarƙari.
2. A jingina da bango ko jikin motar da ke tsaye.
3. A saki numfashi, a dakata, sannan a danna.
4. A saita ƙirgen daƙiƙa 3, don kada dannawar ta girgiza wayar.
5. A matsa kusa maimakon zuƙowa, domin zuƙowa na ƙara fito da rawar hannu.

Wayar da ke da tsarin Pro, a bar ta a 1/30 ko mafi sauri.

Sai dai riƙon kirki ba ya tsayar da dabba. A jira ta natsu, a ɗauka sau uku, a zaɓi wanda ya fi kyau.