Shakkar Kai da Maganinta: Darasi Daga Rayuwar Maikel Farade

Gabatarwa

A kowace shekara akan sami ɗalibai masu hazaƙa da ke guje wa ajin kimiyya tun daga shekarar farko ta babbar sakandare, domin sun riga sun yanke wa kansu hukunci cewa lissafi da fiziya sun fi ƙarfinsu. Wasu kuma sukan san amsar tambaya sarai, amma su kasa ɗaga hannu don gudun kada a yi musu dariya. Ta haka al'umma ke asarar likitoci da injiniyoyi tun ba su kai ko'ina ba. Wannan maƙala za ta duba abin da masana suka gano game da wannan matsala, sannan ta kawo misalin wani mutum da ya shawo kanta.

Abin da Bincike Ya Nuna

Albat Bandura masanin halayyar ɗan Adam ne da aka haifa a Kanada a shekarar 1925, ya yi koyarwa a Jami'ar Sitanfod ta Amurka, ya rasu a 2021. Ya yi gwaje-gwaje da mutanen da tsoron maciji ya addaba har ya hana su sakewa. Maimakon ya yi musu nasiha, sai ya riƙa bi da su mataki-mataki da macizai marasa dafi. Da farko su hangi macijin ta bayan gilashi, sannan su ga wani ya riƙe shi lafiya, daga nan su taɓa shi da safar hannu, a ƙarshe su ɗauke shi da hannunsu. Da yawa daga cikinsu sun rabu da tsoron cikin ɗan lokaci. Abin da ya fi jan hankalinsa shi ne, wasunsu sun koma suna tunkarar waɗansu al'amura da suke gudu a da, kamar yin magana a bainar jama'a.

A shekarar 1977 ya wallafa bayanin abin da za mu iya kira yarda da iyawa, wato imanin mutum cewa zai iya wani aiki takamaimai. Ya ce wannan yarda tana da tushe huɗu. Na farko, kuma mafi ƙarfi, shi ne nasarar da mutum ya samu da hannunsa. Na biyu, ganin wani irinka ya yi abin. Na uku, ƙarfafawar wanda ka amince da saninsa. Na huɗu, yadda mutum ke fassara halin da jikinsa ke ciki lokacin fargaba. Wato ke nan, yarda da kai aba ce da ake ginawa kamar yadda ake gina ɗaki, tubali bisa tubali.

Ɗan Maƙeri a Shagon Littattafai

An haifi Maikel Farade a shekarar 1791 a gefen birnin Landan. Mahaifinsa maƙeri ne mai fama da rashin lafiya, gidan kuwa na talakawa ne ƙwarai. Karatunsa na makaranta bai wuce koyon karatu da rubutu da ɗan lissafi ba. Yana ɗan shekara 14 aka kai shi koyon ɗinkin littattafai, inda ya yi shekara bakwai. A Ingila ta wancan zamani kimiyya sana'ar masu hali ce, ba a tsammanin ɗan maƙeri a cikinta.

Farade ya riƙa karanta littattafan da ake kawowa ɗinki, musamman abin da ya shafi lantarki da haɗa sinadarai. Bai tsaya ga karatu kawai ba. A shekarar 1812 ya jera kwabban tagulla bakwai da faifan tutiya bakwai, ya sa takarda jiƙe da ruwan gishiri a tsakaninsu, ya haɗa batir da kansa, kuma ya yi aiki. Wannan shi ne tushe na farko da Bandura ya ambata: ƙaramar nasara da mutum ya gani da idonsa.

A shekarar nan ce kuma aka ba shi tikitin sauraron laccocin Hamfiri Debi, shahararren masanin sinadarai na lokacin. Ya rubuta wa shugaban babbar ƙungiyar masana kimiyya ta Ingila wasiƙar neman aiki, ba a ko amsa masa ba. Wani da ya haƙura daga nan. Shi kuwa sai ya tsara bayanan laccocin Debi, wajen shafi 300, ya ɗinke su da kyau da sana'ar da ya iya, ya aika wa Debi. Hausawa sun ce da rashin tayi akan bar araha. A shekarar 1813 Debi ya ɗauke shi mataimaki a ɗakin gwaje-gwaje.

Wahala ba ta ƙare nan ba. A tafiyar da suka yi zuwa Faransa da Italiya daga 1813 zuwa 1815, matar Debi ta ɗauke shi tamkar bara, har ya yi tunanin komawa gida. Amma a tafiyar ya ga manyan masana irin su Amfiya da Bolta da idonsa.

A shekarar 1821 ya sa waya mai ɗauke da lantarki ta riƙa zagaya maganaɗisu, wanda shi ne asalin injin da lantarki ke juyawa. Daga nan ya sa wa ransa burin samar da lantarki daga maganaɗisu. Ya gwada sau da dama a shekarun da suka biyo baya, bai dace ba, kuma duk gwajin da ya ci tura yakan rubuta shi a littafinsa. Ranar 29 ga Agusta, 1831, ya naɗe zoben ƙarfe da wayoyi biyu, ya ga allurar ma'auni ta motsa a daidai lokacin da ya haɗa batir da lokacin da ya cire. Nan ya gane cewa sauyawar ƙarfin maganaɗisu ita ke haifar da lantarki. A kan wannan ƙa'ida janareta ke aiki, haka ma injinan madatsar ruwa ta Kainji da aka kammala a 1968.

Har ya rasu a 1867 Farade bai ƙware a babban lissafi ba. Ya bayyana tunaninsa da zane da gwaji, daga baya Jems Makswel ya mayar da shi lissafi. Rauni a fanni ɗaya bai hana shi amfani da ƙarfin da yake da shi ba.

Abin da Ɗalibi Zai Yi

Ɗalibin da ke tsoron lissafi ya fara da tambayoyin da zai iya warwarewa, ya riƙa ƙara masu wuya kaɗan-kaɗan, ya kuma ajiye littafin da yake rubuta abin da ya iya a kowane mako. Idan shakka ta taso, littafin shi ne shaida. Ya zauna da abokin ajinsa da ya fi shi fahimta, ya ga yadda yake bin tambaya daki-daki.

Game da faɗuwar gaba a ɗakin jarrabawa, ya kamata a san cewa sinadarin adirenalin ne ke fitowa daga wasu ƙananan gaɓoɓi da ke saman ƙoda, ya sa zuciya bugawa da sauri, tafin hannu ya yi gumi. Haka jiki ke shiri idan muhimmin abu ya taso, kuma ɗan kokawa ma yana jin haka kafin ya shiga fili. Jan numfashi a hankali da farawa da tambaya mai sauƙi sukan kwantar da shi.

Nauyin da Ke Kan Malamai

A shekarar 1998 Karol Duwek da abokiyar aikinta sun gwada yara 'yan firamare a Amurka. An yabi wasu da cewa suna da basira, wasu kuma da cewa sun yi ƙoƙari. Da aka ba su tambayoyi masu wuya, waɗanda aka yabi basirarsu sun fi saurin karaya, na biyun kuwa sun fi dagewa. Saboda haka malami ya yabi hanyar da ɗalibi ya bi, ya nuna masa daidai inda ya kuskure, ya kuma guji kiran yaro daƙiƙi a gaban aji. Sai dai yabo kaɗai ba ya wadatarwa idan ba a ba yaro damar yin gwaji da hannunsa ba, ko da da batir da waya da ƙusa ne.

Kammalawa

Shakkar kai hasashe ce da zuciya ke yi, kuma a kimiyya ba a karɓar hasashe sai an gwada shi. Don haka duk ɗalibin da zuciyarsa ta ce masa ba zai iya ba, ya ɗauki ƙaramin aiki ɗaya a wannan mako, ya yi shi, ya rubuta sakamakon, sannan ya ɗauki na gaba.